Sunan da Hadijatu Ta Ƙi Faɗa

Shafi na 17

Bari in amsa laifina tun kafin ku cika mini wajen sharhi. Na ce Talata, ga shi yau Juma'a. Na kuma ce muku matsalar sabis ce. To, ba sabis ba ne. Tun Litinin na gama shafin nan tsaf, na jingina da bango in sake karantawa, sai labarin nawa ya sa ni barci, babban yatsa kuma ya danne wajen gogewa. Wanda rubutunsa ya kwantar da shi da kansa ba shi da bakin yi wa kowa gori. Hajiyar da ta turo saƙo sau goma sha ɗaya, na gani. Allah Ya ba ki haƙuri, ni kuma Ya shirye ni.

Mu koma makarantar firamaren bayan Mai'aduwa, wadda aka mayar sansanin 'yan gudun hijira.

"Malam, zo ka ga aikinka."

Malam Mainasara ya san wannan kira. In Chisom ta ce masa "Baba", to lafiya lau ne, wataƙila har da ruwan sanyi. In ta ce "Malam", gara mutum ya fara tuno zunubansa.

Shi dai tsohon malamin firamare ne da ritaya ta mayar marubucin rajistar 'yan gudun hijira. Ita kuwa jami'ar ƙungiyar agaji ce, 'yar Oga Jude mai sayar da kayan gyaran babur. A Daura aka yanke mata cibiya, kuma in ranta ya ɓaci Hausarta ta fi tasa gudu.

Tana tsaye a bakin ofis, rungume da ƙatuwar wayar aikin nan mai faɗin allo.

"Saƙo ne daga wani ƙaramin asibiti a ƙetaren iyaka," ta ce. "Akwai wata mata da makiyaya suka tsinta a daji. Shekaranjiya ta farfaɗo. Ta faɗi sunanta, ta ce ita 'yar Dungun Marke ce, uwarta Hadijatu, ubanta Saminu maƙeri. Daga nan zazzaɓi ya sake kwashe ta."

"Alhamdu lillahi! Ai Hadijatunmu ce, wadda ke aji uku!"

"Karanta abin da ka rubuta mata."

Ta tura masa littafin rajista. Ya gyara tabarau. Rubutunsa ne, ba mai musu, har da wutsiyar da yake ja wa harafin ƙarshe don burgewa.

Hadijatu. Miji: ya rasu a harin. 'Ya'ya: uku. Sadiya, Hassan, Hussaina. Wanda ya ɓace: babu.



"Uku," in ji Chisom. "Kuma duk suna nan. To wannan ta asibiti 'yar waye?"

Ranar rajistar ce ta dawo masa. Layi har bakin titi, rana ta take, cikinsa na kiran ciroma. Ya tambayi matar, "Yara nawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce uku. Ya ce, "Duk suna nan?" Ta ce, "Waɗannan suna nan." Ya ja layi ya ce na gaba.

Mutum mai shekara hamsin da takwas, haifaffen ƙasar nan. Ko yaron goye ya san macen ƙauye ba ta lissafa ɗan fari in ana ƙirga 'ya'ya. Kai ne za ka ce, "Ban da babban?" ita kuma ta yi shiru, shirun ya zama amsa. Bai tambaya ba. A ranar mutum ɗari da goma ya rubuta, har ana yaba masa sauri.

"'Yar fari ce," ya faɗa a hankali. "Alkunya ta yi."

"Na zata. Amma zato ba ya shiga na'ura." Ta duba agogon hannunta. "Ji nan, Baba. Takardar izinin ƙetarewa ta yau ce kaɗai. In motarmu ba ta wuce shinge kafin ƙarfe biyu ba, shi ke nan. Gobe da safe za su kwashe duk marasa dangi zuwa wani sansani can cikin ƙasarsu, tafiyar kwana biyu. In ta shiga wannan motar, nemo ta sai wani ikon Allah."

"To mu gyara ukun ya koma huɗu mana."

"Sai uwar ta faɗi sunan 'yar da bakinta, na ɗauki muryar, ya yi daidai da wanda ke nan."

"Haba 'yata. Leƙa mini sunan in je in raɗa mata."

Chisom ta ƙara ƙanƙame allon a ƙirji.

"Watan jiya wani ya je wani sansani yana kuka, wai ƙanwarsa yake nema. Aka leƙa masa suna, aka ba shi ita. Ashe yana cikin waɗanda suka ƙone garinsu. Tun daga ranar aka kafa dokar. Ba ni na kafa ba, kuma ba ni zan karya ba."

Ƙarfe ɗaya saura kwata.

A aji uku, an ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar allo, an rataya zani. A bayansa Hadijatu take takaba, yau kwana ashirin da shida. A gaban zanin kuma maƙwabciyarta Kubura ce zaune da faranti, tana tsintar tsakuwa a shinkafar agaji.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. A'a, yau manya ne da kansu? Malam, ka zo karɓar tsakuwarku? Ga ta nan na tara, ta kusa isa harsashin ɗaki."

"Kubura, ba wasa ya kawo mu ba. Innar Sadiya tana ji na?"

"Ina ji, Malam," murya ta fito daga bayan zani, ƙasa-ƙasa.

Ya yi gyaran murya ya faɗi saƙon. Bai kai ƙarshe ba farantin Kubura ya kife.

"Uwale! Wallahi Uwale ce! Ba ni na ce maka a duba mana Uwale ba? Ranar rabon barguna? Ka ce in dawo gobe!"

"Na ce haka?"

"Sau biyu! Goben taka har yau ba ta waye ba!"

Mainasara ya share zufa. Chisom ta duba allo, ta girgiza kai.

"Ba wannan sunan ta bayar ba. Na yanka ta faɗa."

"To ai kowa Uwale yake ce mata," in ji Kubura. "Sunan kakarta ta wajen uba ta ci, shi ya sa ake sakayawa."

"Madalla," in ji Mainasara. "Yaya sunan kakar?"

"Iya Mai Daddawa."

"Na yanka nake nufi."

"Malam, ni da aka kawo ni garin tsohuwar ta shekara biyar a kabari. Ka taɓa ganin wanda ya je sayen daddawa ya tambayi sunan yanka?"

"Yaran fa?"

"Yaya Uwale suka sani. Mijinta yana ci-rani a kudu, lambarsa tana cikin wayar Saminu, wayar kuma tana inda Saminu ya faɗi."

Sunan 'yar fari, kuma sunan suruka. Kunya biyu a kan kalma ɗaya, kuma duk duniya bakin da ya rage da ita shi ne na bayan zanin nan.

Chisom ta durƙusa kusa da labulen.

"Mama, kalma ɗaya ce. Ki faɗa, mota ta tashi."

Ta ɗan taɓa labulen. "Mama?"

"'Yar nan, ki je da ni mana. In na gan ta ai na san abata."

"Sunanki ba ya cikin takardar ƙetarewa. Ba za su bar ki ki wuce ba."

"To ki ce musu tana da tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu."

"Suna suke so, Mama."

Mainasara ya ga abin zai ja lokaci, sai dabarar malanta ta motsa.

"Bari in sauƙaƙa. Zan riƙa jero sunaye, in na zo kansa sai ki yi tari. Zinariya? Hadiyya? Balaraba? Talatu?"

"Malam," in ji Chisom, "ba kacici-kacici muka zo yi ba."

"Kuma ni tun safe nake tari," in ji Kubura. "Kada a ɗauko mana 'yar wasu."

Daga waje direba ya danna odar mota sau biyu.

"Hadijatu, don girman Allah!" Kubura ta ɗaga gefen zanin. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi! Wace kunya ta rage mana? Mu da muke bin layin banɗaki da surukanmu maza?"

"Sake mini labule, Kubura."

"Baiwar Allah," Mainasara ya sa baki, "lalura ai tana halatta abin da ya fi wannan. Ki daure."

Sai muryar ta canza. Ba ta ɗaga ba, amma ta yi kaifi.

"Kai ne za ka ce mini in daure, Malam?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ita 'yar nan ban ga laifinta ba, aikinta take yi. Kai fa? Da furfurarka. Na ce maka uku, na tsaya. Ban tafi ba. Na tsaya a gaban teburinka ina jiran ka ƙara tambaya. Ko kai ba ka ɗago ba. Ka ce na gaba."

"Haka ne."

"Kullum mota ta tsaya a bakin makarantar nan sai na leƙa ta tagar can. Kwana ashirin da shida. Na ɗauka kuna nemanta. Ashe ko a takarda babu ita."

"Haka ne," ya sake cewa.

"Kuma kuna ta cewa kunya, kunya. Kun ɗauka kunyar ce kawai?"

Ta ci gaba.

"Goyon ciki ta zo yi gida. Haihuwar fari, wata tara ya kama. Ranar kasuwa ce, da rana tsaka, muka ji babura. Babansu ya fita da guduma a hannu, ban sake ganinsa a tsaye ba. Na ja tagwaye, Sadiya na gabana, muka yi kudu wajen kwari. Sai na hango ta. Ta yi arewa. Tana tafe tana dafe ƙugu, ciki ya yi mata nauyi."

Mainasara ya ga Chisom ta saci kallon allonta, ta yi sauri ta kife shi a cinya. Bai kawo komai a ransa ba.

"Tsakanina da ita bai fi daga nan zuwa famfon can ba. Na buɗe baki in kira ta."

Kubura ta matso kusa da zanin.

"Na ce, 'Ke!'"

Kubura ta dafe baki.

"Mata nawa ne a filin nan, Malam? Kowacce 'ke' ce. Wasu suka waiwayo. Ita ba ta waiwayo ba. Ko Uwalen ban taɓa faɗa ba, balle na yankan. Shekara ashirin da biyu ina koya wa harshena ya kauce masa. Ranar da na neme shi, sai ya yi abin da na koya masa."

Oda ta sake tashi a waje, doguwa.

"Yanzu kuna cewa kalma ɗaya ce. To in na faɗa, 'yar nan ta duba allonta ta ce ba shi ba ne fa? Tun da kuka shigo ina da 'ya a ƙetare, tana numfashi. In na buɗe baki, wataƙila ba ni da ita."

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Daga nan zuwa shinge, in hanya ta yi kyau, minti ashirin da biyar ne. Hanyar kuwa ba ta taɓa yin kyau ba.

Mainasara ya cire hula, ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

"Innar Sadiya, ni ma ɗan fari ne."

Ya murza hular a hannunsa. "Mainasara ba sunana ba ne, kakana ya laƙa mini. Tsohuwata kuwa ko shi ba ta faɗa. 'Kai' nake. In ta ji daɗina, 'kai wannan'. In na yi laifi, 'kai mai ƙaton kai'."

"Ba ta yi ƙarya ba," Kubura ta faɗa cikin hawaye.

"Na san tana sona. Duk naman da ya ɓace a miyar gidanmu, a ƙarƙashin tuwona ake samunsa. Ranar da za ta rasu ina bakin ƙofa, ta ce wa ƙanwata, 'Ce wa wancan ya matso.' Na matso. Na ce yau ce. Yau zan ji."

"Ta faɗa?" muryar bayan zani ta tambaya.

"Ta ce in gyara mata matashin kai."

Wani sauti ya fito daga bayan labulen, tsakanin dariya da kuka.

"Haƙora shida suka rage mini na kirki. Wallahi da za a ce in bayar in ji sau ɗaya, da na bayar in koma shan kunu. Ni nawa ya wuce. Taki tana kwance can, ba ta san kowa ba, amma da ta buɗe ido sunanki ta fara faɗa. In ba ita ba ce, mun yi kuka tare, gobe in buɗe mata shafi da hannuna mu shiga nema. In kuwa ita ce, ƙarfe biyu ta yi muna zaune, to sau biyu ke nan ta yi arewa kina kallo."

Ya faɗa, sannan ya ji nauyin abin da ya faɗa. Kubura ta harare shi. Chisom ta runtse ido.



"Malam ya fita," in ji Hadijatu. "Kubura ma."

Suka fita suka tsaya a baranda. Chisom ta shige bayan zanin. Rana ta ƙwalle, direba ya fito ya jingina da mota yana nuna musu agogo. Mainasara ya kasa kunne ta taga kamar ɗalibin da aka kora daga aji.

Ya ji raɗa, wadda ko sauro ya fi ta ƙara.

"Mama, bai ɗauka ba. Ƙara ɗagawa kaɗan."

Wata raɗar.

"Har yanzu. Na'urar ba ta ji. Don Allah, Mama, saura minti..."

Sai ya ji motsi, igiya ta tsinke, zani ya faɗi. Hadijatu ta taho tagar arewa, ba mayafi, ta kama ƙarfen da hannu biyu. Ba Chisom take kallo ba, ba na'ura ba. Can take kallo, bayan gonakin gero, inda iyaka take.

"BARAKATU!"

Matan da ke layin famfo suka juyo. Masu rabon masara suka tsaya da kwano a hannu.

"Barakatu! Nan! Ta nan za ki biyo!"

Sannan ta sulale ƙasa.

Chisom ta fito idanunta jajur.

"Shi ne," ta ce. "Shi ne sunan."

Kubura ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, ta tuna gidan takaba ne, ta katse, ta ce Allah na tuba, ta sake rangaɗa wata. Sadiya da tagwaye suka sheƙo daga wajen famfo. Direba ya faɗa mota ya tayar.

"Tsaya! Ku tsaya!"

Hadijatu ce, ta rarrafa ta jawo wani ɗan ƙulli daga ƙarƙashin tabarma, wanda take matashin kai da shi tun zuwansu. Ta kwance bakinsa. 'Yan riguna ne guda uku, da hular ulu, da zanin goyo sabo ko wanki bai taɓa gani ba.

"Shi kaɗai na fito da shi. Ban ma san na ɗauka ba." Ta miƙa wa Mainasara ta taga, karo na farko ta dube shi ido cikin ido. "A kai mata. Yanzu ai sun yi suna ma, ko? Ko mene ne aka samu, a sa masa hular, iskar mota ba ta da kyau."

"In sha Allahu," ya ce. Har ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, kamar an sauke masa buhu.

Ya bi Chisom zuwa mota da ƙullin a hammata, yana ta surutu.

"Kin gani ko, 'yata? Wani aikin sai da furfura. Yanzu sai in mayar da ukun huɗu. Kai, biyar ma, da jika."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe ƙofar mota, ta tsaya, ta miƙo masa allon ba tare da ta dube shi ba.

"Yanzu an halatta maka ka gani, Baba. Karanta har ƙasa. Kada ka juya, tana kallonmu."

Ya gyara tabarau. Suna: Barakatu Saminu. Shekaru: ashirin da biyu. Gari: Dungun Marke. Alama: tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu. Ya ja yatsa ƙasa.

Daga taga Hadijatu tana ɗaga musu hannu.

Tun da uwarsa ta haife shi, yau ne karo na farko da Malam Mainasara ya roƙi Allah Ya sa a ƙetaren iyaka akwai wani marubucin mai gaggawa irinsa, wanda ba ya ɗaga kai, ba ya tambaya ta biyu.

A gurbin juna biyu an rubuta: babu.

A gurbin 'ya'ya an rubuta: babu.